Alƙalin Wasa: Iyakar Ikonsa da Gurbin Tawali'u a Aikinsa

Alƙalin wasa shi ne wanda aka ɗora wa nauyin zartar da dokoki a cikin fili, tun daga busar farko har zuwa ta tashi. Ƙwallon ƙafa na da dokoki 17, kuma ta biyar daga cikinsu kacokan a kan alƙali take magana. Ita ta ba shi ikon tsayar da wasa, da hukunta mai ƙeta, da riƙe agogo, da korar ɗan wasa ko koci, har ma da tashin wasan baki ɗaya idan lafiyar mutane na cikin haɗari. Dokar ta ƙara da cewa abin da ya yanke game da abubuwan da suka auku a fili, har da shigar ƙwallo raga da sakamakon wasa, ya yanku ke nan. Alƙalin kotu yana da makonni na sauraron shaidu, ga kuma kotun ɗaukaka ƙara a samansa. Na fili kuwa daƙiƙa ɗaya gare shi, yana haki, dubban mutane na yi masa ihu, kuma da zarar an ci gaba da wasa bakin alƙalami ya bushe. Girman wannan iko ne ya sa ake yawan muhawara kan dalilin ba shi, da kuma halin da ya kamaci mai riƙe da shi.

Ba da alƙali aka fara wasan ba. Lokacin da aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a 1863 aka rubuta dokokin farko, kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyin biyu ne ke sasanta duk wata gardama, bisa zaton cewa mutumin kirki ba zai yi ƙeta da gangan ba. Da gasa ta yi zafi, kofi ya shigo, kuɗi suka biyo baya, sai zaton ya gaza. Aka koma kowace ƙungiya ta zo da mutum ɗaya mai duba wasa, wanda ba ya cewa uffan sai 'yan wasa sun kai masa kuka. Idan mutanen biyu suka saɓa, sai su miƙa maganar ga wani na uku da ke tsaye a gefen fili riƙe da agogo. Sai a 1891 aka shigo da wannan na ukun tsakiyar fili, aka ba shi damar busawa ba tare da an roƙe shi ba, biyun kuma suka koma bakin layi da tuta. A shekarar ce kuma aka shigo da bugun fenariti.

Ke nan 'yan wasa ne suka buƙaci alƙali, suka sallama masa wani yanki na 'yancinsu domin wasansu ya yiwu. Ikon da ke hannunsa amana ce aka ba shi ajiya na minti 90. Ba shi ke yin dokar ba. Wannan aikin majalisar IFAB ne, wadda aka kafa a 1886, inda hukumomin ƙwallo huɗu na Birtaniya ke da ƙuri'a ɗaya-ɗaya, FIFA kuma ke da huɗu, kuma ba a sauya doka sai da ƙuri'a shida. Ba shi ke da filin ba, kuma babu wanda ya taɓa sayen tikiti ko ya biya kuɗin gidan kallo domin ya ga busar usur. A filin dambe da na kokawa ma haka abin yake: take da kirari na 'yan wasa ne, mai raba su aikinsa ya tabbatar an tashi lafiya an kuma san wanda ya yi kisa.

Mutane da yawa, har da wasu alƙalan, sukan fahimci dokar nan ta hukuncin ƙarshe a baibai. An mayar da maganar alƙali ta ƙarshe ne domin dole a sami inda gardama za ta tsaya, in ba haka ba babu wasan da zai ƙare. Babu inda dokar ta ce ba ya kuskure. Hasali ma ta tanadi cewa yana iya sauya hukunci idan ya gane ya yi ba daidai ba, ko mataimakinsa ya ankarar da shi, matuƙar ba a ci gaba da wasa ba. Masu kallo a Najeriya sun ɗanɗana wannan doka ta fuska biyu. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ta 2000 a Legas, bayan an tashi 2-2 da Kamaru, bugun fenaritin Victor Ikpeba ya bugi ƙarfen saman raga ya faɗo, hotunan talabijin suka nuna ƙwallon ta haye layi, amma alƙali Mourad Daami na Tunisiya bai ƙirga ta ba, Kamaru ta ɗauki kofi. Shekara 14 bayan haka, a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, an soke ƙwallon da Edin Džeko na Bosniya ya ci Najeriya da sunan satar gida alhali bai yi ba, Najeriya ta ci 1-0, Bosniya ta fice daga gasar. Har yau ana tuna na farkon da ɗaci, na biyun kuwa ba kasafai ake ambatonsa ba. Laifi tudu ne.

Yawancin kurakuran fili daga inda ido ya tsaya suke tasowa. Alƙalin babbar gasa yakan yi gudun kilomita 10 ko fiye a wasa ɗaya, duk don ya sami kusurwar da zai ga abin da ke faruwa, kuma duk da haka jikin ɗan wasa ɗaya ya isa ya tare masa komai. A wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2010, Nigel de Jong na Holan ya sa ƙafa ya doki ƙirjin Xabi Alonso na Sifen, Howard Webb ya ba shi katin gargaɗi kawai. Duk wanda ke gaban talabijin ya ga laifin jan kati ne. Webb, wanda ke cikin manyan alƙalan zamaninsa, daga baya ya ce da ya ga abin daga inda kyamara ta ɗauka da ya kori de Jong. Tawali'un alƙali daga nan yake farawa, daga sanin cewa idanunsa biyu ne, kuma abin da bai gani ba yana iya fin wanda ya gani muhimmanci.

Wani ɓangare na aikin kuma ba a rubuce yake filla-filla ba. Doka ta biyar da kanta ta ce alƙali zai yi hukunci iya ƙoƙarinsa bisa dokoki da kuma ruhin wasa. Ta ba shi damar ƙyale wasa ya ci gaba idan tsayarwar za ta cuci wanda aka yi wa ƙetar. Mai fahimtar aikinsa yakan haɗiye busa idan ya ga wanda aka taɗe ya riga ya miƙa ƙwallo ga abokinsa da ke gaban raga, sannan ya dawo ya hukunta mai laifin bayan an gama kai harin. Wanda ke son a san da zamansa kuwa sai ya busa nan take, ya kashe harin, ya saka wa mai ƙeta da abin da yake nema. A irin wannan ƙaramin zaɓi ake gane wanda ya zo yi wa wasa hidima.

Hatta katin da yake ɗagawa an ƙirƙiro shi ne domin a fahimci juna. A gasar duniya ta 1966, a wasan Ingila da Ajantina a Wembley, alƙali Rudolf Kreitlein ɗan Jamus ya kori kyaftin Antonio Rattín, shi kuwa ya ƙi fita na tsawon mintuna yana neman tafinta, don ba sa jin harshen juna. Ken Aston, wanda ke kula da alƙalan gasar, ya ɗauko dabarar kati mai ruwan ɗorawa da ja daga fitilun ba da hannu na titi, aka fara aiki da su a gasar 1970 a Meziko. Manufar ita ce ɗan wasa da ɗan kallo su san abin da aka yanke ba tare da doguwar magana ba. Idan katin ya zama sandar huce haushi, ya bar abin da aka yi shi dominsa. Wasan Fotugal da Holan a Nuremberg a 2006 ya ƙare da katin gargaɗi 16 da jan kati huɗu daga hannun Valentin Ivanov na Rasha, har shugaban FIFA na lokacin, Sepp Blatter, ya ce alƙalin ma ya cancanci kati. Gaskiya ne 'yan wasan sun yi ta haurin juna a daren, amma yawan katin bai kwantar da komai ba. Haka aka yi a Qatar a 2022, inda Antonio Mateu Lahoz ɗan Sifen ya ɗaga kati sama da 15 a wasan Ajantina da Holan, aka tashi ana maganarsa fiye da ƙwallo huɗu da aka ci kafin bugun fenariti, kuma bai sake busa wani wasa a gasar ba.

Daga nan ne aka samo maganar da ake yawan yi cewa alƙali nagari shi ne wanda aka tashi wasa ba a tuna da shi ba. Rabin gaskiya ce. Akwai ranar da aikin ke buƙatar ya fito fili kowa ya gan shi, kuma wanda ya ɓuya a wannan rana tsoro ne ya kama shi, ko da ya kira abin sauƙin kai. Said Belqola na Maroko, ɗan Afirka na farko da ya busa wasan ƙarshe na gasar duniya, ya kori Marcel Desailly na Faransa a 1998, a gaban 'yan kallon Faransa, a ƙasarsu, a daren da suke neman kofinsu na farko. Laifin katin gargaɗi na biyu ne, ya kuwa bayar. Pierluigi Collina ɗan Italiya, wanda ya busa wasan ƙarshe na 2002 kuma yake shugabantar kwamitin alƙalan FIFA tun 2017, kowa ya san fuskarsa da kwarjininsa, amma abin da aka san shi da shi a cikin sana'ar shi ne nazarin ƙungiyoyi da salon 'yan wasa kafin ranar wasa. Mutumin da ya ɗauka ya riga ya san komai ba ya zama yin wannan nazari.

Wurin da girman kai ya fi yin ɓarna shi ne tsakanin alƙali da abokan aikinsa. A 1986, lokacin da Maradona ya ci Ingila da hannu, alƙali Ali Bin Nasser na Tunisiya ya dubi mai tuta Bogdan Dochev na Bulgeriya, mai tutar bai ɗaga ba, kowa na jiran ɗan'uwansa, kuma suka shafe shekaru kowanne na ɗora wa ɗayan laifi. A gasar duniya ta 2006 Graham Poll na Ingila ya ba Josip Šimunić na Kuroshiya katin gargaɗi har sau uku a wasansu da Ostireliya kafin ya kore shi, kuma babu ɗaya daga cikin mataimakansa da ya tsayar da shi a na biyun. A wasan ƙarshe na wannan gasa dai aka ga kishiyar haka. Horacio Elizondo na Ajantina bai ga lokacin da Zinedine Zidane ya yi wa Marco Materazzi karo da kai ba, don idonsa na kan ƙwallo. Alƙali na huɗu, Luis Medina Cantalejo, shi ya gani ya sanar da shi, Elizondo ya karɓa, ya kori fitaccen ɗan wasan gasar a wasansa na ban kwana. Ya yi hukunci mafi nauyi a rayuwarsa da idon wani, kuma hukuncin daidai ne.

Na'ura ta zo ta mayar da wannan hali tilas. Bayan ƙwallon Frank Lampard ta haye layin ragar Jamus a Bloemfontein a 2010 ba a ƙirga ba, an amince da na'urar tantance shigar ƙwallo a 2012. A 2018 aka shigar da VAR, wato tsarin taimaka wa alƙali ta hoton bidiyo, cikin dokoki, aka yi aiki da ita a gasar duniya ta Rasha, kan abubuwa huɗu kawai: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da kuskuren hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Sharaɗin shi ne sai kuskuren ya fito ƙarara ake sa baki. Alƙalin da ya ruga bakin fili ya dubi allo, ya dawo ya soke abin da ya yanke minti ɗaya da ya wuce, yana yin abin da magabatansa ba a taɓa nema daga gare su ba, wato amsa kuskure a gaban duniya tun gumi bai bushe ba. Ba kuma kowane zuwa allo ke ƙarewa da sauyi ba. Cüneyt Çakır ɗan Turkiyya ya je ya dubi ƙwallon da ta taɓa hannun Marcos Rojo a wasan Najeriya da Ajantina a 2018, ya ga daga kan ɗan wasan ta zamo, ya tsaya a kan hukuncinsa na farko. Ana iya jayayya da shi, amma ya duba kafin ya tsaya.

Na'urar dai mutane ke zaune a bayanta. A watan Satumba na 2023, a wasan Tottenham da Liverpool, mai tuta ya soke ƙwallon Luis Díaz da sunan satar gida. Mai kula da VAR ya duba ya ga ƙwallon halas ce, amma ya zaci a fili ma an ce ta ciyu, sai ya ce ya gama dubawa. Aka ci gaba da wasa, bayan 'yan daƙiƙu suka gane abin da ya faru, doka kuma ta hana komawa baya. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskuren a daren, daga baya ta saki muryoyin hirar da aka yi a ɗakin. Sakin muryar ya kunyata su, amma ya nuna wa kowa cewa rashin fahimtar juna ne ya jawo abin, kuma ya toshe bakin masu cewa da gangan aka yi.

Misalin da aka fi kawowa kan amsa laifi daga wasan besbol na Amurka ya fito. A watan Yuni na 2010, mai jifa Armando Galarraga na ƙungiyar Detroit ya fitar da masu bugu 26 a jere ba wanda ya kai zangon farko. Saura mutum ɗaya ya kammala bajintar da sau 20 kacal aka taɓa yi a tarihin babbar gasar ƙasar. Alƙali Jim Joyce ya ce na ƙarshen ya tsira, alhali an riga shi. Da aka tashi ya kalli hoton, ya nemi a kira masa Galarraga, ya ba shi haƙuri yana hawaye, ya kuma gaya wa 'yan jarida cewa ya cuci yaron. Washegari Galarraga da kansa ya kai masa takardar sunayen 'yan wasa, suka gaisa a gaban 'yan kallo. Ba a sauya sakamakon ba, amma a wata ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi ba da jimawa ba 'yan wasa suka zaɓi Joyce a matsayin alƙalin da ya fi kowa. Amsa kuskuren bai rage masa kwarjini a fili ba. Poll ma ya amsa nasa, ya janye daga busa manyan gasannin ƙasa da ƙasa.

Wani lokaci abin da ya kamata alƙali ya amsa shi ne gazawar jikinsa. A Limbe ta Kamaru, a watan Janairu na 2022, Janny Sikazwe na Zambiya ya busa tashi a minti na 85 a wasan Mali da Tunisiya, ya dawo da wasan, ya sake busawa kafin minti 90 su cika. Daga baya ya bayyana cewa zafin rana ne ya buge shi har aka kai shi asibiti. Ga alƙali na huɗu a bakin layi wanda doka ta tanada domin ya karɓi aiki a irin wannan hali, amma ba a miƙa masa ba a kan lokaci.

Dole a raba kuskure da cin amana, don maganar tawali'u da afuwa ba ta shafi na biyun. A watan Nuwamba na 2016 Joseph Lamptey na Ghana ya ba Afirka ta Kudu fenariti kan Senegal da cewa Kalidou Koulibaly ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali a gwiwa ta same shi. Binciken FIFA ya gano an murɗa wasan ne, aka haramta masa busa har abada, aka kuma sake wasan, Senegal ta ci 2-0. A Italiya, badaƙalar tsoma baki wajen zaɓen alƙalai ta sa an mayar da Juventus rukuni na biyu a 2006, an ƙwace mata kofi biyu. Fim ɗin binciken da Anas Aremeyaw Anas ya fitar a 2018 ya nuna alƙalai da dama na karɓar kuɗi, har wani mataimakin alƙali ɗan Kenya ya rasa gurbinsa a gasar duniya ta shekarar. Irin waɗannan ne suka sa ɗan kallo ke fassara kowane kuskure da cewa an sayi rafali, kuma masu gaskiya ne ke biyan bashin.

Sauran nauyin yana kan masu wasa da masu kallo da shugabanni. Ba a neman mutum ya fito ya ce ya yi kuskure a wurin da faɗin hakan zai jawo a bi shi gida. Anders Frisk na Suwidin ya ajiye usur a 2005 saboda barazanar kisa da aka yi masa da iyalinsa bayan wasan Barcelona da Chelsea. An yi wa Anthony Taylor da iyalinsa rubdugu a filin jirgin Budapest a 2023, washegarin wasan ƙarshe na Sevilla da Roma. A watan Disamba na wannan shekara shugaban ƙungiyar Ankaragücü ya shiga fili ya naushi Halil Umut Meler, aka dakatar da gasannin Turkiyya na kwanaki, shi kuma aka haramta masa harkar ƙwallo har abada. A gasar cikin gida ta Najeriya an sha cin tarar ƙungiyoyi ko a kore su daga filinsu saboda magoya bayansu sun taɓa alƙalai. Matsin taron jama'a yana aiki ko da ba a taɓa kowa ba, domin nazarin wasannin da aka buga babu 'yan kallo lokacin annobar korona a 2020 ya nuna katin da ake ba ƙungiyar da ta zo baƙunta ya ragu. Alƙalin da ƙungiyar gida ke ɗaukar nauyin masaukinsa, ko wanda ya san babu jami'in tsaron da zai raka shi mota, da wuya ya iya busa gaskiya, balle ya tsaya bayan wasa ya yi bayani.

Matakan da hukumomi ke ɗauka a 'yan shekarun nan sun bi hanya biyu a lokaci guda, wato kare alƙali da kuma sa shi yin bayani. A gasar duniya ta mata ta 2023 an sa alƙalai su sanar da hukuncin VAR ta lasifika ga duk filin. A gasar ƙasashen Turai ta 2024 an ce kyaftin kaɗai ke da damar tunkarar alƙali kan babban hukunci, shi kuma alƙalin ya gaya masa dalili, tsarin da wasan ragbi ya daɗe a kansa. Yawancin wasannin duniya dai ana buga su ne a filayen makaranta da na unguwa, inda babu kyamara babu lasifika. A can horo mai kyau, da biyan alawus daga hannun hukuma kai tsaye, da tsaro, da hukunta duk wanda ya ɗaga wa alƙali hannu su ne abubuwan da hukumomin ƙwallo na jiha da na ƙasa za su fara samarwa kafin su nemi alƙali ya amsa kurakuransa.